Na-iya da Mutumin Cikin Hoto

Ba a taɓa ambaton wani aiki a gaban Na-iya ya yi shiru ba. A ce mota ta lalace, ya ce ya iya. A ce haƙori na ciwo, ya ce ya taɓa cire wa mutum uku a rana ɗaya, har suna sa masa albarka. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, babba da yaro kowa sai Na-iya, shi kuwa gogan ya ɗauka kirari ake yi masa. Sana'arsa ta gaskiya tebur ce a bakin titi, yana sayar da caja da rigunan waya, yana liƙa wa mutane gilashi a fuskar waya. Shi ma gilashin bai taɓa liƙawa bai bar kumfa biyu ko uku a ƙasa ba, in ka yi magana ya ce wayarka ce a karkace.

Gidan da yake haya ɗaki tara ne a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi biyu, sai tankin ruwa da aka ɗora a kan dogon ƙarfe can a kusurwa. A ɗaki ɗaya tal Na-iya yake, shi da matarsa Maman 'Yanbiyu da 'ya'ya biyar. Babbarsu ta kai shekara goma sha huɗu, in za ta sauya kaya sai an kori ƙannenta waje, ko ana ruwa ko ana rana. Abin nan yana ci wa Maman 'Yanbiyu rai, kuma ba ta ɓoyewa. Kullum sai ta ce, "Malam, yarinyar nan ta girma fa." Kullum shi kuma sai ya ce ta bar masa komai a hannunsa.

Mai gidan kuwa 'yan haya Magaji suke ce masa, domin gado ya ci. A ƙasar waje yake aiki, bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba. A guruf ɗin waya da aka buɗe wa gidan kawai ya san su. Ran nan da hantsi sai ga saƙonsa ya faɗo: zai zo ƙarshen wata, zai zaɓi mutum ɗaya ya ba shi kula da gida, wanda aka zaɓa kuma shi zai koma ɗaki biyun nan na bakin ƙofa mai bayinsa a ciki. Ya ƙara da cewa mai aikin hannu yake so, wanda in abu ya ɓaci ba sai an kira na waje ba.

Na-iya ya karanta sau uku, ya kifa tebur, ya nufi gida tun azahar ba ta yi ba.

"Ki fara ɗaure kaya," ya ce wa matarsa. "Ɗaki biyu ya zama namu."

"An ba ka ne?"

"Ke dai ba ki da lissafi. Mutumin nan me ya sani game da mu? Hoto! Ɗan hoton nan da ke jikin sunan kowa. Duba ki gani. Tela ya sa keken ɗinki, sai ka ce keken ne zai kula da gida. Nas ta sa fure. Direba ya sa wani ɗan ƙwallo da bai san da zamansa a duniya ba. Baba Mai Wanki kuwa wayarsa ko hoto ba ta ɗauka. Duk wanda ya cika wa Magaji ido a hoto, shi ya ci ɗaki."

Maman 'Yanbiyu ta dube shi tun daga sanƙo har ƙafa. Gajere ne, siriri, ga ɗan tumbi a gaba, ga kunnuwa a buɗe. Ta ce, "To kai da me za ka cika idon?"

Ai kuwa yana da amsa. Akwai wata manhaja a wayarsa mai gyara mutum. Washegari ya ari hular kwano mai ruwan ɗorawa wajen wani magini da ya zo sayen caja, ya tsaya jikin tsani riƙe da filaya, ya ɗauki kansa. Sannan ya zauna ya duƙufa. Ya faɗaɗa ƙirji, ya shafe tumbi, ya ja wuya, ya kwantar da kunnuwa, ya dasa gemu baƙi ƙirin. Da ya gama ya miƙa wa matarsa wayar yana hura hanci.

"Wannan kuma wane ne?" ta ce.

"Mijinki."

"Nawa mijin? Yaushe aka musanya min ban sani ba? Da an gaya min ai da na yi kwalliya."

Bai kula ta ba. Ya ɗora hoton, ya rubuta a ƙasansa cewa wuta ba ta wasa da wanda ya san ta. Ba a yi awa ɗaya ba Magaji ya rubuto, "Madalla, ashe muna da injiniya a gidan." Ranar Na-iya a karkace ya riƙa tafiya a tsakar gida, ko gaisuwa sai da hannu ɗaya yake amsawa.

Nas ma'aikaciyar asibiti ce, kuma ba ta ɗaukar raini. Ita ta fara ɗana masa. Ta rubuta a guruf, a gaban idon kowa, cewa tunda Allah ya kawo injiniya, soket ɗin firijinta kwana uku yana tartsatsi. Magaji ya amsa nan take, "Injiniya zai duba miki." Shi ke nan, hanyar gudu ta toshe.

Na-iya ya shiga ɗakin Nas da filayarsa, Tela da Direba suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo.

"Ba za ka kashe wutar ba tukuna?" in ji Nas.

"Masu koyo ne ke kashe wuta. Mu da ita mun saba."

Ya ɓalle murfin soket ɗin, ya ga wayoyin wuta uku, ja da baƙa da wata mai ratsi. Ya kaɗa kai irin na wanda ya gano ɓarnar wasu, ya ce, "Ga matsalar nan. Wani jahili ne ya rarraba su." Ya kama ja da baƙa ya haɗe bakinsu.

Fau! Sai ga injiniya a zaune daɓas a tsakiyar ɗaki, filaya ta yi nata wuri, girarsa ta hagu ta tafi har abada. Ƙwayayen fitilar gidan suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Keken lantarkin Tela, da kayan makarantar yaran mutane a kai, ya hau tuƙa hayaƙi. Mata na salati, yara na ihu, kowa ya rasa abin yi. Baba Mai Wanki ne, tsohon da ke ɗakin ƙarshe wanda sai ya yini bai yi magana goma ba, ya ɗauko sandar shanyarsa ya sauke babban makunnin wuta, ya koma kan wankinsa.

Na-iya ya miƙe yana kaɗe wando. "Wayoyin gidan nan na zamanin da ne," ya ce. "Ilimina ya fi ƙarfinsu."

"Ƙwarai," in ji Tela, idonsa jajur. "Har girarka ma ya fi ƙarfinta."

Nas ta ɗauko waya za ta kai ƙara, Tela ya tare ta. Ya ce ta bar shi, in ta gaya wa Magaji yau faɗa kawai zai yi masa a waya, shi kuwa so yake ya ga ƙarshen mutumin nan da idonsa. Direba ya ce shi ma haka. Suka kira mai gyaran wuta na gaske, suka yi gum da bakinsu. Na-iya da ya ga guruf shiru, sai ya ce wa matarsa, "Kin gani? Tsorona suke ji."

Mai hankali a nan zai tsaya. Shi kuwa kwana biyu aka yi sai ga sabon hoto. Wannan karon a wajen wani gini ya tsaya, bututai jibge a bayansa, ƙaton sifana a kafaɗa, damtsen nan kamar an cusa masa ƙulli-ƙullin tsumma. Girar da ta ƙone ma manhaja ta mayar masa da ita, har ta fi ta da kauri. Magaji ya rubuto, "Har da ruwa?" Na-iya ya amsa, "Ranka ya daɗe, ruwa ai shi ne asalin karatuna."

Direba bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta cewa bututun da ke ƙarƙashin tanki yana ɗan ɗiga, tunda mai asalin karatu na kusa.

Ɗigon nan fa bai fi cika kofi ɗaya a yini ba, shekara biyu ana zaune da shi lafiya. Na-iya ya jingina tsani, ya hau, ya kafa sifana a wuyan bututu. Baba Mai Wanki ya ɗago kai ya ce, "Na roba ne, a hankali." Na-iya ya ce, "Baba, kai dai ka ji da sabulunka." Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya sa ƙafa ya danna. Ƙas! Bututu ya rabu biyu, ruwan tanki guda ya daki ƙirjinsa ya sauko da shi ba ta tsani ba.

Tsakar gida ta zama kogi. Takalma na iyo, bokitai na yawo, kazar Direba ta haye kan igiyar shanya. Da yake kuma ɗakin Na-iya ne ya fi kowane gangara, can ruwan ya nufa kai tsaye kamar an ba shi adireshi. Katifa ta sha, littattafan makarantar yara suka sha, buhun garin da ke bayan ƙofa ya zama kunu. Sauran ruwan ya gangara bayan bayi ya kwanta. Baba ne dai ya sake tashi, ya toshe bakin bututun da tsumma da leda, ya ɗaure da igiya.

Maman 'Yanbiyu na matse katifa tana hawaye don takaici. Ta ce, "Ka ƙone gira, ka jiƙa mana wurin kwana. Saura me?"

"Saura makulli," in ji shi, ruwa na ɗiga daga kunnensa.

Amma a ransa ya yi nazari, irin nazarinsa. Ya gano cewa shi bai yi kuskuren komai ba sai na zaɓen sana'a. Wuta da ruwa kullum ana bukatar su, shi ya sa mahassada ke samun hanyar gwada shi. Abin da ya kamata shi ne ya sa hoton aikin da zai girgiza Magaji, amma wanda har abada ba mai cewa zo ka yi. Ya yi ta juyawa har ya cafko: kamun maciji. Shekara shida yana gidan nan, ko saɓar maciji ba a taɓa gani ba.

Ya sayi macijin roba wajen mai kayan wasan yara, ya rataya a wuya, ya ɗauki hoto ba riga. Manhaja ta yi sauran aikin. Macijin ya koma mesa mai kaurin cinya, shi kuma ya shaƙe mata wuya da hannu ɗaya yana murmushi. A ƙasa ya rubuta, "Ba a haifi macijin da zai tsaya a gabana ba."

Magaji ya rubuto, "Kai! Wannan namiji ne." Bayan haka ya bi shi ta gefe da saƙo, shi kaɗai: "Ka shirya, ina ganin kai ne."

Wannan saƙon shi ya karya Maman 'Yanbiyu. Ta karanta da idonta, ta sake karantawa. Ta san mijinta sarai, amma wanda ya shekara shida a ɗaki ɗaya da yara biyar ba ya wasa da labarin ɗaki biyu. Ta fara ɗaure kaya a hankali. Babbar 'yar ta matso kusa da ubanta ta ce, "Baba, da gaske zan samu inda zan rufe ƙofa?" Ya daki ƙirji ya ce ta ɗauka an gama.

Sai da safiyar ranar zuwan Magaji sannan wani abu ya faɗo masa: mutumin zai so ya ga na cikin hoton. To, wannan ma ya iya. Ya sa rigunan sanyi biyu, ya ɗora kwat a kai, ya cusa soso a kowace kafaɗa. Ya yanka kwali ya jera a cikin takalmi don tsawo, ya kifa hula a kan sanƙo. Gemu da gira kuwa, da baƙin man takalmi ya zana su a gaban madubi. Ana rana mai narka kwalta, ya fito tsakar gida yana tafiya da ƙyar, hannuwa a bubbuɗe.

Abin da bai sani ba shi ne, ruwan nan da ya kwantar a bayan bayi sati biyu ke nan bai bushe ba. Kwaɗi sun tare a ciki sun hayayyafa, mai cin kwaɗi kuma ya biyo sawu.

Sai ihu daga bayi. Nas ta faɗo waje da zani a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi. "Maciji! Maciji a bayan bokiti!"

Gida ya hargitse. Mata suka kwashe yara, maƙwabta suka leƙo ta katanga, masu wucewa suka cika ƙofa. Can sai aka yi tsit, duk idanu suka juyo wuri ɗaya. Tela ya washe baki har kunne, irin murmushin wanda ya daɗe yana jira.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Ga mai abin nan a gida. Bismillah, Na-iya."

Na-iya ya ja da baya taku ɗaya. Ya ce, "Wane iri ne? Domin ni manya nake kamawa. Ƙanana raini ne."

"Shiga ka tambaye shi," in ji Nas.

"Ba a yi wa aikin nan gaggawa. Akwai maganin da nake shafawa tukuna."

"Ai ga shi nan ka shafa," in ji Tela. "Har yana ɗiga a kwat."

Gaskiya ne kuwa, gemun ya fara narkewa, ya gangaro wuya layi-layi. Direba ya dafa masa kafaɗa, ya ji laushi, ya ce, "A'a, yau damtsen ya nuna." Ya tura shi gaba, jama'a suka buɗe hanya. Na-iya ya isa ƙofar bayi, ya leƙa da ido ɗaya. Wani abu baƙi ya motsa a bayan bokiti, ya ɗago kai, ya zaro harshe.

Ƙarar da Na-iya ya saki, ko jaririn gidan bai taɓa yin irinta ba. Ya juya ya banke Direba, ya tsallake bahon wankin Baba, takalmi ɗaya ya fice kwalaye suka watse. Ba a san lokacin da ya kama tsani ba, sai ganinsa aka yi a can kan ƙarfen tanki. Yana isa ya sa ƙafa ya hankaɗe tsanin ya faɗi ƙasa, wai kada macijin ya biyo shi. Ya rungume tanki, hula ta tafi, soso ɗaya ya zamo ta hannun kwat ya faɗo a gaban jama'a.

Daidai nan aka ji sallama. Wani matashi mai tabarau ya ratso mutane yana jan jakar tafiya. Magaji ne. Ya gaisa da kowa a tsaitsaye, ya ce, "Lafiya na ga taro? Ina Na-iya?"

Hannuwa sun fi ashirin suka nuna sama.

Magaji ya ɗaga kai ya duba. Ya ciro waya ya duba. Ya sake ɗaga kai. "A'a, ba wannan ba. Injiniya nake nufi, mai faɗin ƙirjin nan."

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji wata siririyar murya daga sama. "Barka da sauka. Tanki nake dubawa."

"Kai wa?"

"Na-iya."

Fuskar Magaji ta sauya. Ya ce, "Malam, ni ba yaro ba ne. Wata guda ina magana da mutumin nan, na san fuskarsa. Wannan da ke sama ban taɓa ganinsa ba. Wato ɗan hayata ya bar ɗaki ya zuba wani a ciki ban sani ba? To doka ɗaya gare ni: wanda ya ba wani ɗakina a ɓoye, da shi da wanda aka ba, duk waje. Jama'a, kun san wannan?"

Tela ya kare rana da hannu, ya daɗe yana kallon sama. "Gaskiya wanda muka sani a guruf yana da wuya, yana da gemu. Wannan kuwa gemunsa ya kusa kai cibiya."

"Ni namu injiniya ne," in ji Nas. "Wannan ban san aikinsa ba."

Aka fashe da dariya har ta kan katanga. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Maman 'Yanbiyu na tsaye a ƙofar ɗakinta, ƙullin kaya a kai, yara biyar a bayanta. Ta ga ana maganar ɗaki biyu, yanzu ga ɗayan ma zai suɓuce. Ta sauke ƙullin ta matso.

"Yallaɓai, don girman Allah. Wallahi mijina ne. Haka aka ba ni shi, ban rage komai ba."

Magaji ya ɗan sassauta, ya tambayi abin da ya tara mutane, aka gaya masa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda na sama zai ji.

"To abin ya zo da sauƙi. In kai ne na cikin hoton nan, ga bayi can, sauko ka fito mana da macijin, in miƙa maka makulli yanzu a gaban kowa. In kuma ba kai ba ne, kafin la'asar ka kwashe kayanka. Zaɓi ɗaya."

Na-iya ya dubi ƙofar bayi. Ya dubi ƙullin kayan da ke ƙasa, ya dubi babbar 'yarsa da ta sunkuyar da kai don kunya. Zufa da man takalmi suna shiga masa ido.

"Ranka ya daɗe, ni ne, amma ba ni ba ne."

"Ban gane ba."

"Hoton nawa ne, sai dai an ɗan taɓa shi."

"Ina aka taɓa?"

"Ƙirjin."

"Sai ina?"

"Da wuyan. Da gemun."

"Ƙara murya," in ji Direba. "Na kan katanga ba sa ji."

"Macijin fa?" in ji Magaji.

"Na roba ne. Yana ƙarƙashin katifa, 'yan biyu na wasa da shi."

"Wutar fa? Ruwan fa, asalin karatunka?"

Nan Nas da Tela suka karɓe, suka zazzage masa komai, tun daga firiji har kazar da ta hau igiya. Na-iya na sama yana amsa kowane laifi da "haka ne," murya na ƙara shigewa ciki.

Ana cikin wannan ba wanda ya lura Baba Mai Wanki ya tashi. Sai ganinsa aka yi ya fito daga bayi, shebur a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan. Ya ajiye a tsakar gida, aka leƙa. Macijin bai kai tsawon igiyar caja ba, kuma Baba ya riga ya gama da shi.

Magaji ya ce, "Baba, kai ba na ganinka a guruf."

"Wayata ta kira ce kawai, ɗana."

Nas ta ce ai shi ya kashe wutar ran nan, shi ya toshe ruwan. Magaji bai ƙara tambaya ba. Ya zaro makullai biyu daga aljihu ya danƙa wa tsohon. Baba ya jujjuya su, ya ce Allah ya yi albarka, ya tambaya ko akwai wurin shanya a bayan ɗakin.

Sannan Magaji ya juyo kan na sama. Ya ce albarkacin baiwar Allah nan da yaranta zai bar shi a ɗakinsa, amma da sharaɗi. Ya ɗaga waya ya ɗauke shi yadda yake: rungume da tanki, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, sanƙo na ƙyalli, gira guda, baƙin mai har ƙirji, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya tura masa.

"Wannan za ka sa, yanzu ina kallo. Kuma muddin kana gidana shi zai zauna, don in riƙa sanin da wa nake magana."

Da hannunsa Na-iya ya ciro waya, ya cire mai mesa ya ɗora wannan, ya kuma tura shi guruf. Wayoyin gidan suka yi ƙara lokaci guda, kowa ya duba tasa. Tela sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce keken ɗinkinsa ya huce.

Daga nan taro ya watse. Maza suka tafi taya Baba kwashe kaya zuwa bakin ƙofa, Nas ta shiga da Magaji ciki ya sha ruwa, na kan katanga suka sauka. Rana ta take tsaka, ƙarfen tanki ya ɗau zafi, ga rigunan sanyi biyu da kwat. Tsanin nan kuwa yana kwance inda ya hankaɗa shi, kowa na tsallakewa.

Maman 'Yanbiyu ta sunkuya ta ɗauki ƙullinta, ta ce wa babbar 'yar ta ɗauko ɗayan su mayar ciki. Yarinyar ta ɗauka ba ta dubi sama ba.

"Maman 'Yanbiyu," in ji Na-iya ƙasa-ƙasa. "Tsanin."

Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ƙulli a kai, ba ta ko juyo ba.

"Kira na cikin hoton ya sauko da kai," ta ce. "Ni ina da kayan kwancewa."